Ta yaya Linux yake gane na taɓa shafin memori alhali ban kira write ba?

"Assalamu alaikum Malam. Dan Allah akwai abin da ya ɗaure min kai. Na rubuta wani ɗan furogiram da C a kan Raspberry Pi 4, yana karanta batir da inbatar sola yana ajiye lambobin a fayil. Maimakon write sai na yi mmap na fayil ɗin, wato na liƙa shi a memorin furogiram ɗina, da zaɓin tarayya na MAP_SHARED, saboda akwai wani furogiram ɗin daban da yake karanta fayil ɗin yana nunawa a sikirin. Abu yana aiki amma abubuwa uku sun dame ni. Na ɗaya ni ban taɓa kiran write ba, lamba kawai nake zubawa a memori, to ta yaya Linux yake sanin na canza wani abu har ya kai shi kan kati? Na biyu wani lokacin furogiram ɗin sai ya ɗan daskare haka kawai sannan ya ci gaba. Na uku ranar da wuta ta yanke kwatsam na rasa abin da na rubuta na kusan rabin minti. Kuma in da hali ina so in san wane ɓangare ne ya canza don in tura shi kaɗai zuwa saba, data ta yi tsada."

Wa alaikumus salam ƙanena. Kai tambayoyi huɗu ka lissafo amma ni a wajena guda ɗaya ce, wato ta yaya kanel, zuciyar Linux mai kula da memori da na'urori, yake bin diddigin shafin da aka ɓata a memorin da ake tarayya a kansa, in ka gane wannan sauran ukun da kansu za su warware. Kuma amsar a taƙaice ita ce kanel ba ya ganin rubutunka kwata-kwata, tarko yake ɗana maka a kan kowane shafi, ka faɗa sau ɗaya ya rubuta sunanka, sai ya ƙyale ka har zuwa lokacin da zai sake ɗanawa. Daskarewar da kake gani da rabin mintin da ka rasa duk daga wannan cinikin suka fito.

Bari mu fara daga ƙasa. Memori a wajen kanel ba dunƙule ɗaya ba ne, yanka shi aka yi shafi-shafi, a yawancin injina kowane shafi bayit 4096 ne. Da ka yi mmap na fayil, kanel bai kwafo maka komai ba, shafukan fayil ɗin da suke zaune a rumbunsa na RAM, wanda ake kira page cache, su ya ɗauko ya liƙa a adireshin furogiram ɗinka ta hanyar teburin shafuka. Furogiram ɗinka na biyu da ya yi mmap shi ma waɗannan shafukan dai aka liƙa masa, shi ya sa kana rubutawa yana gani nan take, ai abu ɗaya kuke kallo ta taga biyu. To idan ka kira write, ka shigo gidan kanel da ƙafarka, ya gan ka, ya san fayil kaza shafi kaza ka taɓa sai ya sa masa alamar datti, datti a nan ba wai ƙazanta ba, ana nufin abin da ke RAM ya saɓa da abin da ke kan diski. Amma idan ka rubuta `p[i] = x` umarni ɗaya ne na furosesa, ya fita ya sauka a RAM, babu layin kanel ko ɗaya da ya motsa.

Sawu a ƙofar gida

Furosesa kanta tana ɗan taimakawa. A x86, wato furosesa irin ta Intel da AMD, kowane layi na teburin shafuka yana da wasu bit na musamman, bit na 1 shi ke cewa an yarda a yi rubutu ko a'a, bit na 5 yana nuna an taɓa shafin, bit na 6 kuma shi ne na datti, furosesa da kanta take kunna shi a karon farko da aka yi rubutu. Sai ka ce to ai magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba, domin furosesa ta kunna bit ɗin ne ta yi shiru abinta, ba ta gaya wa kowa ba. Kamar a share ƙofar gida ne da asuba a bar yashi sumul, duk wanda ya shiga zai bar sawu, gaskiya ne, amma fa sai ka taka ka je ƙofar ka duba sannan ka san an shiga. Gida ɗaya ba matsala. Fayil mai gigabayit 1 shafuka 262,144 ne, kuma in furogiram goma suka yi mmap ɗinsa kowanne da nasa teburin, ƙofofi sama da miliyan biyu kenan da za a zagaya ana leƙen yashi, kuma kana gama zagaye an riga an shiga ta farko.

Haka Linux ya zauna shekara da shekaru. Kafin fitowar kanel mai lamba 2.6.19 ba ya sanin shafin MAP_SHARED ya yi datti sai in ɗayan abu uku ya faru, ko ka kira msync, wato ka ce a daidaita memori da fayil, ko ka cire liƙin da munmap ko furogiram ya mutu, ko kuma memori ya yi ƙaranci kanel ya fito farautar shafukan da zai kwashe sai ya ci karo da bit ɗin a kunne. Wannan na ukun shi ne bala'in. Ka ɗauka furogiram ɗaya ya yi mmap na ƙaton fayil ya bi shi ya ɓata kusan dukkan RAM, a lissafin kanel duk shafukan nan masu tsafta ne, a ganinsa duk lokacin da ya buƙaci wuri zai watsar da su kawai tunda akwai kwafinsu a diski. Ranar buƙata ta zo, ya ɗaga wannan datti, ya ɗaga wancan datti, ba wanda zai iya yarwa sai ya rubuta shi, rubutun kuma shi kansa yana buƙatar memori, musamman in fayil ɗin a kan NFS yake, wato a wani inji daban ta netwok, inda sai an haɗa fakitin netwok kafin a tura. Kana neman memori don ka samu memori. Inji ya tsaya cak ko kuma kanel ya fara kashe furogiram ɗin mutane. Kuma birkin da aka tanada don mai yawan rubutu, wato balance_dirty_pages, ba ya kama mai mmap ko kaɗan saboda ba ta hanyar yake bi ba.

Gyaran 2006

Peter Zijlstra ne ya kawo gyaran da ya shiga 2.6.19, wanda ya fito a ƙarshen Nuwamban 2006. Dabarar ba ta da wani tsawo, maimakon leƙen sawu sai a kulle ƙofar. Kai ka nemi PROT_WRITE kuma an ba ka, a rajistar yankin memorinka an rubuta kana da izinin rubutu, amma a teburin shafuka da furosesa take dubawa sai a bar shafin a matsayin na karatu kawai. Akwai wani ɗan aiki mai suna vma_wants_writenotify, shi yake yanke hukuncin wane yanki za a yi wa haka.

Yanzu bi ni a hankali mu ga abin da ke faruwa da lambar batirinka guda ɗaya. Ka rubuta, furosesa ta duba tebur ta ga ba izini, sai ta yi tuntuɓe, abin da ake ce wa page fault, ta miƙa wa kanel. Kanel ya duba rajista ya ga ai mutumin nan yana da gaskiya, ba ɓarawo ba ne, ni na kulle da gangan. Kafin ya buɗe sai ya kira tsarin fayil ta wata ƙofa mai suna page_mkwrite, wadda David Howells ya ƙara a wannan shekarar dai, ya ce masa ga shi za a ɓata shafi kaza ka shirya. A nan tsarin fayil irin ext4 yake tanadar wuri a diski in babu, a nan kuma ake sabunta lokacin da aka canza fayil, mtime kenan. Daga nan a sa wa shafin alamar datti, a yi masa tambari a bishiyar shafukan fayil ɗin don mai kwashewa ya same shi ba tare da bincike ba, a ƙara ɗaya a lissafin da kake gani a layin Dirty na /proc/meminfo, a buɗe izinin rubutu a tebur, sannan a tambayi birki ko mutumin nan ya wuce gona da iri. In bai wuce ba a mayar da kai daidai kan umarnin da ka yi tuntuɓe a kansa, ya sake gudana, kai ba ka ma san an yi ba. Rubutu na biyu da na dubu a kan wannan shafin kyauta ne, ƙofa a buɗe take.

Sai ɓangare na biyu. Ma'aikatan kanel masu kwashe datti, a da pdflush ake ce musu, tun 2.6.32 kowace na'ura da nata, yau za ka gan su a top da suna irin kworker mai flush a jiki, suna farkawa duk daƙiƙa 5 su nemi fayil ɗin da dattinsa ya kai daƙiƙa 30. Lambobin suna /proc/sys/vm, dirty_writeback_centisecs 500 da dirty_expire_centisecs 3000. Kafin a tura shafi zuwa diski sai an fara kiran page_mkclean, a sabbin kanel sunansa folio_mkclean, shi kuma ya bi taswirar baya, wadda take faɗin wane furogiram da wane furogiram ne suka liƙa wannan shafin, ya shiga teburin kowannensu ya cire izinin rubutu ya goge bit ɗin datti, sannan ya sa kowace furosesa ta manta da tsohon bayanin da ta haddace a TLB ɗinta, wato ɗan wurin da take ajiye layukan teburin shafuka a kusa. In ba a yi wannan na ƙarshen ba wata furosesar za ta ci gaba da rubutu da tsohon izini tana ganin ƙofa a buɗe. Kuma jerin yana da muhimmanci ƙwarai, kullewa ake fara yi sannan a kwafa zuwa diski. In aka juya, wani ya yi rubutu tsakanin kwafi da kullewa, an goge alamar datti alhali abin da ya rubuta bai je ko'ina ba, kuma ba mai sake waiwayarsa.

Ka ga rabin mintinka kenan. Ba kuskure ba ne, haka aka saita shi, daƙiƙa 30 na jira da ɗan abin da ya hau kai kafin ma'aikacin ya farka. Da write ka yi amfani ma haka za ka rasa in ba ka kira fsync ba, wanda yake tilasta a kai bayanin diski nan take.

Wani abin da mutane ba su lura da shi ba, tun wannan gyaran msync da MS_ASYNC ya zama ba ya yin komai a Linux, littafin man ma ya faɗa. Da aikinsa shi ne ya zagaya teburi ya tattaro dattin ya sanar da kanel, yanzu kuwa kanel ya riga ya sani. Na sha ganin kod ɗin da aka cika shi da MS_ASYNC mai shi yana barci da munshari wai ya adana bayanansa.

Tsugunne ba ta ƙare ba

Labarin da ya biyo baya ina son ba da shi saboda yana nuna yadda abin yake da santsi. Makonni kaɗan bayan fitar 2.6.19, a Disamban 2006, sai masu sauke fayil da furogiram ɗin rtorrent a kan tsarin fayil na ext3 suka fara kuka, an gama saukewa a duba a ga wasu gutsattsarin sun lalace, wasu masu Debian kuma ma'ajiyar apt ɗinsu ce take ɓaci. Dukkansu biyun da mmap na tarayya suke rubutu. Aka yi ta kai-kawo kwana da kwanaki har Linus Torvalds da kansa ya rubuta ɗan furogiram da yake tayar da matsalar a duk lokacin da aka so, sannan aka kamo bakin zaren. Ashe littafin datti biyu ne. Ɓangaren memori yana riƙe da nasa na shafi guda, tsarin fayil kuma yana riƙe da nasa na ƙananan gutsattsarin da ke cikin shafin. Shafi ya yi datti, an sa alama a duka biyun, sai ext3 saboda wata buƙata tasa ta jera rubutu ya tura gutsattsarin zuwa diski da kansa ya goge alamarsu a littafinsa, amma bai kulle ƙofa ba tunda ba aikinsa ba ne. Furogiram ya ci gaba da zuba sabon abu ba tuntuɓe. Da lokacin kwashewa ya yi ɓangaren memori ya ce rubuta shafin nan, ext3 ya buɗe littafinsa ya ga ai na riga na rubuta, sai ya dawo ya ce an gama. Sabon bayanin ya bi ruwa. Ramin ya daɗe a wurin, sabon tsarin ne kawai ya sa aka fara faɗawa ciki akai-akai. Gyaran da ya shiga 2.6.20 ɗan mitsitsi ne, idan page_mkclean ya tarar da datti a teburin wani, to a sake shelanta wa tsarin fayil cewa dukkan shafin datti ne kafin a ce ya rubuta.

Daskarewar

A nan sai na yi taka-tsantsan tunda ban ga kod ɗinka ba ban kuma taɓa injin ba, abin da zan iya shi ne in jera maka waɗanda ake zargi in faɗi wanda na fi zargi. Abin da za ka riƙe shi ne, layin `p[i] = x` da kake gani kamar ba komai, duk bayan kwashewa yana iya zama doguwar tafiya cikin kanel, kuma a cikin tafiyar akwai wuraren da ake iya cewa zauna ka jira. Kallon kitse ake yi wa rogo in an ce mmap ba shi da tsada.

Wanda kowa yake fara ambata shi ne birki. Saitin asali dirty_background_ratio 10 ne dirty_ratio kuma 20, kaso ne na memorin da ake iya samu ba na dukkan RAM ba. Datti ya kai kashi 10 ma'aikata su fara kwashewa ba jiran daƙiƙa 30, ya wuce tsakiyar biyun wato wajen 15 sai a fara sa mai rubutu ɗan barci, kowane barci bai wuce milisakan 200 ba amma ana iya jera maka su. Wannan gaskiya ne ga mai zuba ɗaruruwan megabayit. Kai kuwa lambar batir kake rubutawa, ko Pi ɗinka mai gigabayit 2 ne da wuya ka je kusa da wannan layin, sai dai in akwai wani abu daban a injin da yake tula rubutu a kan katin, don haka ni ban sa shi a gaba ba.

Wanda na fi zargi shi ne page_mkwrite ɗin nan. Na ce maka a nan ake sabunta mtime, to a ext4 taɓa mtime taɓa inode ne, wato rajistar bayanan fayil ɗin, taɓa inode kuma sai an shiga jonal, littafin da ext4 yake fara rubuta canje-canje a ciki, in ka yi rashin sa'a ka zo daidai lokacin da jbd2, mai kula da jonal ɗin, yake rufe wani zagaye yana jiran katin SD, kai ma sai ka tsaya a layi. Katin SD kuwa, musamman irin na arha da ake sayarwa a bakin titi, yakan yi shiru na wani lokaci yana gyare-gyarensa na ciki, duk wanda ke bayansa sai haƙuri. Akwai kuma na uku, wasu na'urori da tsarin fayil masu lissafa checksum, wato lambar tantance ingancin bayani, suna buƙatar kada shafi ya canza yayin da ake tura shi, a irinsu in ka taɓa shafin da ke kan hanya sai ka jira ya sauka.

Kar ka yarda da zargina, auna. Buɗe tasha ɗaya, wato terminal, ka sa `watch -n1 "grep -e Dirty -e Writeback: /proc/meminfo"`, za ka ga Dirty yana hawa a hankali, sai kwatsam ya faɗi Writeback ya ɗan ɗaga ya koma sifili. A cikin furogiram ɗin kuma ka sa clock_gettime kafin rubutun da bayansa, duk wanda ya wuce milisakan 10 ka buga shi da lokacinsa. In daskarewar tana zuwa daf da faɗuwar Dirty to ka kama unguwar ɓarawon, saura gidansa.

Ni abin da ya taɓa cin min kwana biyu ba daskarewa ba ce, mutuwa ce. Wani ɗan akwati ne na haɗa wa wasu mutane yana tara bayanai, na yi ftruncate na ba fayil girma, na yi mmap, komai lafiya wata da watanni. Rannan aka kira ni wai ya daina aiki, na je na kunna shi da hannu, ya yi ɗan jim sai ga kalma biyu a baƙin sikirin, Bus error, shi kenan ba ƙarin bayani. Na bi kod layi-layi ina neman inda na wuce iyakar fayil, ban wuce ba. Sai a rana ta biyu na buga df don wani dalili daban na ga diski ya cika maƙil, wasu tsofaffin log ne suka cinye shi. Ashe ftruncate girma kawai yake rubutawa, fayil ɗin rami ne ba a ware masa wuri ba, sai ranar da ka taɓa shafi sannan page_mkwrite ya je neman wuri. Da write ne sai a dawo maka da ENOSPC, wato babu wuri, ka san abin yi, amma umarnin furosesa ba shi da inda zai dawo da kuskure, sai kanel ya harbe ka da SIGBUS, shi ne Bus error ɗin da na gani. Tun daga ranar posix_fallocate, mai ware wa fayil wuri a diski tun da wuri, nake fara kira kafin mmap, ba a fafe gora ranar tafiya.

Ba kowane memorin tarayya ba ne

Duk bayanin nan na fayil ne da yake da diski a bayansa. In fayil ɗinka a /dev/shm yake, ko shmget ka yi, ko MAP_SHARED da MAP_ANONYMOUS, to tmpfs ne a ƙasa, tsarin fayil da yake zaune a RAM, babu diskin da za a kai wa, don haka kanel ba ya wahalar da kansa da kulle-kullen nan, kuma ba za ka gan su a layin Dirty ba, a Shmem suke fitowa. Bit ɗin furosesa ya ishe shi, sai ranar da zai tura shafin swap, wurin da ake jibge rarar memori a diski, yake dubawa. Sannan ka yi hattara da /proc/PID/smaps, Shared_Dirty a can ba ya nufin MAP_SHARED, yana nufin shafin da furogiram fiye da ɗaya suka liƙa a halin yanzu, in mai karatunka bai taɓa shafin ba za ka gan shi a Private_Dirty ne ko da da MAP_SHARED ka buɗe.

Tsarin yana da wani gibi kuma da har yau ake fama da shi, na'urar da take rubutu kai tsaye cikin RAM, irin katin RDMA, ba ta bi ta teburin shafuka balle ta yi tuntuɓe, kanel ya kulle ƙofa ita kuwa ta katanga take shiga. Dalilin da aka kawo pin_user_pages a 5.6 kenan don a riƙa gane irin waɗannan shafukan. Bai shafe ka ba, na faɗa ne don ka san iyakar dabarar.

Sanin abin da ya canza don turawa saba

Alamar dattin kanel ba za ta yi maka wannan aikin ba, tasa ce, yana goge ta duk lokacin da ya kwashe ba tare da ya tambaye ka ba. Akwai hanyoyin da aka yi don masu irin buƙatarka kuma duk dabara ɗaya ce aka sake wa riga, kulle ka jira tuntuɓe. Tsohuwar ita ce mprotect da kama SIGSEGV da kanka, tana aiki amma kowane shafi da ka buɗe yana tsaga yankin gida-gida har ka iya cin karo da iyakar max_map_count ta 65530. Akwai soft-dirty da ya shigo a 3.11 a 2013 saboda aikin CRIU na adana furogiram mai gudana a kuma dawo da shi, ka rubuta 4 a /proc/PID/clear_refs, daga baya ka karanta /proc/PID/pagemap ka duba bit na 55 na kowane shafi, sai dai ba kowace irin furosesa aka yi wa shi ba, a x86 yana nan, a allon ARM sai ka duba ko kanel ɗin yana da CONFIG_MEM_SOFT_DIRTY kafin ka ɗora buri a kai. Akwai userfaultfd mai kulle rubutu, 5.7 ga memorin da ba na fayil ba, 5.19 aka ƙara shmem da hugetlbfs, amma fayil ɗin ext4 irin naka ba ya ciki. Masu ƙaurar da injin bogi, wato virtual machine, daga saba zuwa saba yana kunne, su ne manyan masu cin wannan kasuwar, KVM, ɓangaren kanel mai gudanar da irin waɗannan injinan, yana ba su taswirar shafukan da suka canza, Intel har wani abu ta saka a furosesa mai suna PML da yake rubuta adireshin shafukan a jeri.

Amma gaskiya ƙanena duk wannan ɗaukar gatari ne don yanka albasa. Waɗancan suna bin diddigin rubutun wani ne da ba su da iko da kod ɗinsa. Kai kuwa kai ne mai rubutun, ka san inda ka taɓa. In a jere kake ƙara bayanai, lamba ɗaya ta ishe ka, inda ka tsaya a turawar ƙarshe. In tsalle-tsalle kake yi ka riƙe ɗan jerin bit naka, duk rubutu ka kunna na wurin. Kuma ma'aunin shafi ya yi maka girma, ka canza bayit 8 a ce ka tura 4096, ina arhar datar?

Da ni ne a wurinka ga yadda zan yi. Mai karatu ya ci gaba da mmap ɗinsa da PROT_READ, mai rubutu kuma ya koma pwrite, tunda duk rumbu ɗaya suke taɓawa mai karatun zai ga sabon abu nan take kamar da, ma'ajiyar bayanai ta LMDB ma a saitinsa na asali haka yake yi, karatu ta mmap rubutu ta write. Ribar ita ce kuskure zai dawo maka a matsayin lamba ba SIGBUS ba, kuma ka san takamaiman layin da zai iya tsayawa, sai ka ware masa zarensa, wato thread, daban kada ya riƙe mai karanta inbata. Sannan fdatasync duk bayan daƙiƙa kaɗan, gwargwadon abin da za ka iya haƙurin rasawa, ka tuna kuma yawan yinsa yana cin rayuwar katin. In ka nace sai mmap, to posix_fallocate tukuna, sannan msync da MS_SYNC a kan yankin da ka taɓa kawai, adireshin farko dole ya faɗa kan iyakar shafi, kuma ka tambayi girman shafin da sysconf kar ka rubuta 4096 da hannu, domin ranar da ka koma Pi 5 kanel ɗinsa na asali shafin kilobayit 16 yake amfani da shi. Yin mount na katin da zaɓin lazytime, wanda yake nan tun kanel 4.0, yana iya rage shiga jonal saboda mtime.

Ko wacce ka ɗauka, ka sani kanel yana da damar kwashe shafi a kowane lokaci kuma ba lallai a jeren da ka rubuta ba, yana iya kai rabin bayaninka diski kana tsakiyar rubuta sauran rabin sai wuta ta yanke. Ka sa wa kowane bayani lambar jeri da CRC, wato checksum, a ƙarshensa, in inji ya tashi ka karanta har inda lissafi ya daina daidaita ka yanke daga nan.

In ka sake kama shi ya daskare, daga wata tashar ka yi sauri ka buga `sudo cat /proc/PID/stack`, ko ka sa ɗan madauki yana karanta shi duk lokacin da ps ya nuna furogiram ɗin a halin D, wato ya tsaya jira a cikin kanel. In ka ga balance_dirty_pages a jerin to na yi kuskure birki ne, sai ka nemo wanda yake tula rubutu ka kuma sa wa dirty_background_bytes ƙaramar lamba. In kuwa ka ga ext4_page_mkwrite da wani abu mai jbd2 ko wait_transaction_locked a samansa, jonal ne da katin, ka turo min abin da ya fito tare da sunan katin da kake amfani da shi mu duba tare.